Daren da Ya Fi Kowane Dare Tsawo da Mutanen da Ke Raya Shi

Tambaya: Malam, ƙanena yana karatu a ƙasar Sin. Cikin watan Disamba ya turo mana hotonsa tare da abokan karatunsa suna cin wasu fararen dunƙule-dunƙule masu kama da ƙananan fura a cikin ruwan zafi, ya ce bikin daren da ya fi tsawo a shekara ake yi. Wata maƙwabciyarmu da ta taɓa zama a Iran ta ce su ma can ba a kwanciya da wuri a wannan dare, kuma kankana ake sha duk da sanyi. Wane irin biki ne wannan? Su wa ke yin sa? Me ya sa mu ba mu san shi ba? Sannan ba bautar rana ba ce?

Amsa: Malama, tambayoyi huɗu kika jero, amma ta ukun ce mabuɗin sauran, don haka da ita zan fara. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa, kuma na lura duk ɗalibin da ya gane abin da ya sa Bahaushe bai damu da wannan dare ba, nan take yake gane abin da ya sa mutumin Norwe ya ɗauke shi da girma.

Duniya a karkace take zagaya rana, karkatar da ta kusa digiri 23 da rabi. Saboda haka wata shida ɓangaren arewa ne ke samun rana sosai, wata shida kuma ɓangaren kudu. Mu da ke tsaye a ƙasa, abin da ido ke gani shi ne mafitar rana ba wuri ɗaya ba ce. Daga watan Yuni tana ta matsawa kudu kullum kaɗan-kaɗan, har ranar 21 ko 22 ga Disamba ta kai iyakarta. Sai ta yi 'yan kwanaki kamar ta tsaya cak, sannan ta juyo arewa. Wannan ranar juyawar ita ce mafi gajeren yini da mafi tsawon dare ga duk wanda ke arewacin duniya. Mutanen kudancin duniya kuwa a watan Yuni tasu take faɗowa. Malaman tafsiri da yawa da wannan suka fassara aya ta 17 ta Suratur Rahman, inda aka ambaci mafita biyu da mafaɗa biyu: mafitar rana da mafaɗarta a lokacin sanyi, da kuma na lokacin zafi. Akwai kuskuren da nake yawan gyara wa ɗalibai, wato zaton nisan rana ne ke kawo sanyi. A farkon Janairu ne ma duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, alhali a Yuli nisan yakan kai miliyan 152. Karkata ce ke kawo sanyi, domin hasken yana sauka a kaikaice kuma ba ya daɗewa.

To, nawa ne bambancin? A Kano, yini mafi gajarta yana da kimanin awa 11 da minti 25, mafi tsawo kuma bai cika awa 13 ba. Tazarar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, sai mai bin jadawalin lokutan salla ne ke lura da ita. A Tehran daren yakan haura awa 14. A Landan yinin ba ya cika awa 8, yara su tafi makaranta gari bai gama wayewa ba, ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta faɗi. A garin Tromso da ke arewacin Norwe kuwa, daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa ko kaɗan. Ki ƙaddara mutanen da suka rayu a irin waɗannan wurare shekaru dubbai da suka shige, babu lantarki, babu gilashi a taga, gona ta daskare, ciyawa ta ƙare, kullum rana sai ƙara sunkuyawa take yi. Ranar da aka tabbatar ta daina ja da baya, wannan albishir ne.

Mu shekararmu ruwa ne ke juya ta. Bazara, damina, kaka, rani, duk da ruwan sama muke auna su, kuma manomanmu taurarin damina suke lissafawa don su san lokacin shuka. Zullumin da manomin Katsina ke ciki in ruwa ya yi jinkiri, da ajiyar zuciyar da yake saukewa in an yi ruwan shuka, shi ne abin da mutumin arewacin Turai yake ji game da hasken rana. Duk da haka juyawar ranar tana taɓa mu ta wata hanya. Idan rana ta koma kudu, iskar teku mai ɗauke da ruwa takan ja baya ta bi ta, sai busasshiyar iskar hamada ta sauko mana da hazo da ƙura. Hunturunmu ke nan. Su duhu yake kai musu, mu kuma iska da kaushi.

Yanzu ga masu bikin. Zan fi daɗewa a kan ƙasashe biyun da kika ambata, domin a ganina su ne suka fi cancanta. Al'adar ba ta taɓa yankewa a wurinsu ba, kuma a cikin gida ake yin ta, tsakanin kaka da jikoki.

A Iran sunan daren Shabe Yalda, wasu kuma su ce Shabe Cella. Yana faɗowa tsakanin ranar ƙarshe ta watan Azar da ranar farko ta watan Dey a kalandarsu ta rana, wato daren 20 ko 21 ga Disamba. Kalmar Yalda daga harshen Suryaniyanci ta fito, ma'anarta haihuwa, kuma tushenta ɗaya da kalmar Larabci da ta ba mu Maulidi. Cella kuwa daga arba'in take, domin wannan dare shi ne farkon kwana arba'in na tsananin sanyi da suke kira babbar cella, sai ƙaramar cella ta kwana ashirin ta biyo baya. Larabawan Sham ma suna da irin wannan lissafi na arba'in ɗin hunturu. Asalin al'adar ya girmi zuwan Musulunci ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. A tunanin mutanen wancan zamani duhu na tare da sharri, don haka daren da ya fi tsawo dare ne na hatsari, gara a taru a kunna wuta a zauna a farke har a ga bayansa. Masanin nan Albiruni, wanda ya rayu shekaru dubu da suka wuce, ya rubuta cewa a ranar farko ta watan Dey sarakunan Farisa na da sukan sauko daga karaga, su sa fararen kaya, su zauna tare da manoma su saurari koke-kokensu.

Yau abin da ake yi mai sauƙi ne. Dangi na taruwa a gidan wanda ya fi kowa tsufa. A gidajen gargajiya akwai wani guntun tebur da ake kira korsi, a sa kaskon garwashi a ƙarƙashinsa, a lulluɓe shi da babban bargo, kowa ya zauna ya tura ƙafafunsa ciki. A kansa ake jera rumman da aka ɓare, da kankana, da busassun 'ya'yan itace, da dangin gyaɗa iri-iri. Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya kan kankana. A da, tun daga ƙarshen lokacin zafi ake ɓoye ta a wuri mai sanyi don wannan dare kawai, kuma tsofaffinsu na cewa wanda ya sha ta a Yalda sanyi ba zai kayar da shi ba, zafin baɗi ma ba zai dame shi ba. Jan launin kankana da rumman yana tuna musu jan alfijir. Ni abin da nake gani a ciki shi ne gida yana fito da ƙarshen abin da ya rage na albarkar bara, ya raba wa kowa a dare guda kafin a shiga kwanakin ƙunci. Akwai kuma al'adar da za ki ji kamar a garinku: idan saurayi na da baiko, danginsa sukan kai wa gidan yarinyar kayan Yalda, kankana da aka yi wa ado da 'ya'yan itace da tufafi, kamar yadda ake kai toshin salla.

Bayan ci sai karatu. Kusan babu gidan Iran da ba a ajiye diwanin Hafiz, mawaƙin Shiraz da ya rayu a ƙarni na 14, wanda ya sami wannan laƙabi saboda haddar Alƙur'ani. Kowa yakan ƙudurta wani abu a ransa, sai dattijon gida ya buɗe littafin duk inda hannu ya faɗa, ya karanta baitocin, a yi ta fassara su a kan mai niyyar. Sannan kakanni su shiga tatsuniya da labaran jaruman da. Haka ake yi a Afganistan ma, kuma a shekarar 2022 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun da duniya ta gada, da sunan ƙasashen biyu. Wani abin lura, tsawon wannan dare bai fi na jiyansa da ko minti ɗaya ba. Su ma sun san haka. Abin da ke tara su shi ne zaman tare.

A ƙasar Sin sunan ranar Dongzhi, ma'anarsa hunturu ya kai matuƙa. Tana cikin zanguna 24 da manomansu suka raba shekarar rana a kai, lissafin da shi ma UNESCO ta amince da shi a 2016. Sinawa ba su bar abin a hannun kintace ba. Sanda suke kafawa su auna inuwarta da tsakar rana, ranar da inuwa ta fi tsawo ita ce ranar. A ƙarni na 13 wani masaninsu mai suna Guo Shoujing ya gina hasumiyar awon inuwa a Dengfeng da ke lardin Henan, kuma kalandar da suka fitar a 1281 ta ƙayyade tsawon shekara kwana 365.2425. Wannan adadin ne Turawa su ma suka tsaya a kansa a gyaran kalandarsu na 1582, bayan shekara ɗari uku. Har yau ƙa'idar kalandar gargajiyar Sin ita ce dole Dongzhi ta faɗo cikin wata na goma sha ɗaya, da ita ake daidaita sauran watanni.

Saboda wannan matsayi suke da karin maganar cewa Dongzhi daidai take da sabuwar shekara a girma. Tun zamanin daular Han ma'aikatan gwamnati ke samun hutu a ranar. A zamanin daulolin Ming da Qing, sarki da kansa yakan keɓe kwana uku yana ƙauracewa nama da giya, sannan kafin asubar ranar ya hau wani zagayayyen dandamali na farin dutse a Haikalin Sama da ke Beijin ya miƙa hadaya. An gina haikalin a 1420, kuma hadaya ta ƙarshe a wurin an yi ta ne a Disamban 1914. Wannan ɓangare ya tafi tare da sarauta. Wanda ya rage shi ne na tukunya.

Abin da ƙanenki ya ci sunansa tangyuan. Garin shinkafa mai danƙo ne ake cura shi, wani lokaci a cusa masa riɗi ko gyaɗa da sukari a ciki, a dafa a ruwan zaƙi mai citta. Abincin kudancin ƙasar ne, kuma sunansa yana kama da kalmarsu ta haɗuwar dangi, shi ya sa ɗalibin da ke nesa da gida yake neman abokan da zai ci tare da su. A wasu yankunan ana ce wa yaro in ya ci, ya ƙara shekara ɗaya. A arewa kuwa jiaozi ake ci, wato kwaɓin fulawa da ake naɗe nama da ganye a ciki a dafa. Suna danganta shi da wani likitan ƙarshen daular Han, Zhang Zhongjing, wanda aka ce ya ga talakawa sanyi ya cinye musu kunnuwa, sai ya dafa naman rago da barkonon magani ya naɗe a kwaɓi mai siffar kunne ya raba musu. Labarin baka ne, amma har gobe iyaye a arewacin Sin na ce wa yara wanda bai ci jiaozi ranar Dongzhi ba kunnensa zai daskare. A kudu kuma iyalai da dama kan ajiye wa kakanninsu da suka mutu abinci ko su ziyarci kaburbura.

Akwai wata al'adarsu da nake matuƙar so, ita ce ƙidayar tara-tara. Daga ranar Dongzhi ake ƙirga kwana tara sau tara, 81 ke nan, ranar da aka gama sanyi ya wuce. A gidajen da, akan zana reshen itace mai furanni da ke da ganye 81, kullum a shafa wa ɗaya launi, ta yadda ranar da zanen ya cika, itatuwan waje ma sun fara toho. Akwai ilimi a cikin wannan ƙidaya, haka ma arba'in ɗin Farisawa. Ranar juyawar rana ba ita ce ta fi sanyi ba. Ƙasa da teku suna riƙe zafin da suka tara, suna sakinsa a hankali, don haka tsananin sanyi sai bayan makonni yake zuwa. Sinawa suna cewa tara ta uku da ta huɗu ne ake tafiya a kan ƙanƙara, wato cikin Janairu. Mu ma a nan muku-mukun sanyi ya fi kamawa daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu.

Maƙwabtan Sin kowa da nasa. A Koriya kunun jan wake ake damawa, a da har a yayyafa shi a bakin ƙofa don korar miyagun iskoki. A Japan kabewa ake ci, a yi wanka da ruwan zafi da aka jefa wani lemo mai ƙamshi da ake kira yuzu.

Idan kina son ganin daɗewar wannan damuwa a zuciyar ɗan Adam, sai ki dubi duwatsu. A ƙasar Ayilan akwai wani tudun kabari da ake kira Newgrange, wanda aka gina wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, ya girmi dalar Giza ta Masar. Yana da siririn lungu mai tsawon mita 19 da ke kaiwa ga wani ɗaki a tsakiya, kuma a saman ƙofar an bar wata 'yar kafa. Duk shekara ɗakin a cikin duhu yake, sai a safiyoyin da ke kewaye da 21 ga Disamba hasken fitowar rana ke ratsa kafar nan, ya bi lungun har ƙuryar ɗakin, ya yi kimanin minti 17 ya janye. Masanin tono Michael O'Kelly ne ya fara shaida haka a zamaninmu, a 1967. Yanzu sai an yi ƙuri'a ake zaɓar 'yan kaɗan da za su shiga, kuma sau da yawa gajimare ya hana su ganin komai. Mutanen da suka gina shi ba su da rubutu, ba su da ƙarfe, amma sun saita ginin da mafitar rana har ya ci gaba da aiki bayan shekara dubu biyar.

Duwatsun Stonehenge na Ingila ma an jera su ne a layin faɗuwar ranar tsakiyar hunturu. A wani tsohon mazauni da ke kusa, Durrington Walls, an tono tarin ƙasusuwan aladu da haƙoransu suka nuna an yanka da yawansu suna 'yan wata tara. Tunda da bazararsu ake haifarsu, yankan ya faɗo tsakiyar sanyi ke nan. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa bukukuwan hunturun Turai suka cika da nama. Ba kowace dabba za a iya ciyarwa har ciyawa ta dawo ba, sai a rage garke, kuma sanyi na hana naman lalacewa. Watannin yunwa na gaba, kamar yadda tsakiyar damina take a wurinmu in rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Abin da ba mu da shi shi ne kalamansu. Masu fararen riguna da ke taruwa a Stonehenge yau suna kiran kansu Durwid ƙungiyoyi ne na ƙarnukan baya-bayan nan, babu wata silsila da ta haɗa su da maginan wurin.

A Rum ta da ana bikin Saturnaliya daga 17 ga Disamba, daga baya ya miƙe har 23 ga wata. A rufe kotuna, a yi kyautar kyandir, iyayengiji su zauna cin abinci da bayinsu, wasu ma su yi musu hidima. A tsohuwar kalandar Rumawa 25 ga Disamba ce ake ɗauka ranar juyawar rana. Daga nan ne maganar Kirsimeti take shigowa, kuma ina so a yi adalci a nan, domin masana tarihi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wani kundin kalandar Rum na shekarar 354 ya nuna ana bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba, ya kuma nuna bikin rana a wannan kwanan watan. Wasu masana na ganin coci ta ɗora nata bikin a kan na da. Wasu kuma na nuna cewa Kiristocin farko lissafi suka yi, sun ɗauki 25 ga Maris ranar ɗaukar cikinsa, suka ƙara wata tara. Duk wanda ya gaya miki an rufe wannan muhawara ya faɗi fiye da abin da hujja ta bayar. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne al'adun sanyi na mutanen arewacin Turai sun shige cikin Kirsimetinsu. Tsohon bikinsu sunansa Yul, kuma har yau da wannan suna mutanen Suwidin da Norwe da Denmak ke kiran Kirsimeti. A Suwidin, ranar 13 ga Disamba yarinya kan sa farar riga da kambin kyandirori a ka ta shigo da waƙa, bikin Lusiya ke nan. Ya faɗo a wannan rana ne domin a tsohuwar kalanda, kafin a gyara ta, kwanan wata ya zame har 13 ga Disamba ta zo daidai da dare mafi tsawo.

A kudancin duniya lissafin a juye yake. A birnin Kusko na Peru ana bikin Inti Raymi ranar 24 ga Yuni, wanda asalinsa hadayar sarakunan Inka ce ga rana. Turawan Sifaniya sun hana shi a ƙarni na 16, sai a 1944 aka farfaɗo da shi a matsayin wasan kwaikwayon tarihi, kuma yau 'yan yawon buɗe ido ne suka fi cika filin. A Bolibiya ƙabilar Aymara na kwana a kufan Tiwanaku daren 21 ga Yuni, su ɗaga tafukan hannu su tarbi hasken farko, sabuwar shekararsu ke nan. Maori na Niyu Zilan kuwa fitowar taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta suke jira a tsakiyar sanyinsu, suna kiran su Matariki, kuma tun 2022 ranar ta zama hutun ƙasa. Ga waɗannan al'ummomi da mulkin mallaka ya danne, bikin ya zama hanyar cewa har yanzu muna nan.

Saura tambayarki ta ƙarshe. Amsa ɗaya ba za ta wadatar ba, domin abubuwa daban-daban ne suka haɗu a kwanan wata ɗaya, kuma kuskure ne a dunƙule su a ce addini guda ne. Wasu bauta ce ƙarara. Hadayar Inka ga rana bauta ce, hadayar sarkin Sin ga sama bauta ce. Akwai ma waɗanda har yau ibada suke yi a lokacin, kamar ƙabilar Kalash, 'yan dubbai kaɗan da ke zaune a kwaruruka uku na yankin Chitral a Pakistan, masu bikin Chaumos a Disamba da yanka da wuta da tsarkake jiki, da kuma Hopi na Amurka masu bikin Soyal. Wasu kuma asalinsu na da alaƙa da tsohon addini amma ma'anar ta kwaranye, saura al'ada. Mafi yawan masu raya daren Yalda Musulmi ne, sukan yi sallar isha su zauna cin rumman da iyayensu, babu wanda ke nufin rana da komai. Ɗaliban da ƙanenki ya zauna da su, in kika tambaye su, yawanci za su ce miki kewar gida ce da abincin uwa. Hukuncin halartar kowanne a shari'a fagen malaman fiƙihu ne, kuma ya kamata ƙanenki ya tambaye su yana mai bayyana ainihin abin da aka yi a wurin, ko cin abinci ne kawai, ko akwai ajiye wa matattu hadaya, domin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Abin da ni zan iya tabbatar miki shi ne ita ranar kanta aba ce ta lissafin falaki, kamar tsayuwar wata, tana zuwa ko an yi biki ko ba a yi ba.

Kuma kina iya ganinta a tsakar gidanku. Ki sami sanda mai tsawon mita ɗaya ki kafa ta a miƙe inda rana ke samu, daga farkon Disamba ki riƙa sa alama a ƙarshen inuwarta daidai lokacin zawali, sa'ad da inuwar ranar ta fi gajarta. A Kano da garuruwan da ke layinta za ki ga inuwar ta nufi arewa tana ƙara tsawo, har wajen 21 ga wata ta kai kimanin santimita 70, ta yi kwanaki ba ta motsa ba, sannan ta fara ja da baya. A Landan inuwar wannan sanda a wannan rana ta kusa mita huɗu. Idan kika bar sandar har Yuni, inuwar za ta tsallaka kudu, tsawonta bai fi santimita 20 ba. Kada jadawalin salla ya rikita ki a kan wannan, domin a wurinmu magariba mafi sauri tun cikin Nuwamba take wucewa, fitowar rana kuma tana ci gaba da jinkiri har ƙarshen Janairu. Inuwar zawali ce kaɗai ke nuna ranar daidai, kuma ita ce Guo Shoujing ya auna a Dengfeng.